Daren da Aka Raba Mana Tabarma

A gidanmu na Indabo, in an idar da sallar lisha, Kaka kan tura ƙirare cikin murhu, mu kuwa mu matso. Ni kullum a gefe nake zama, ba na magana, sai dai in riƙe kowace kalma. Ƙanwata Hajara ce mai tambaya, tana yi tana sosa gwiwar hannu, domin kirci ya kama ta tun tana goye.

Shekarar da agana ta ɓulla wajen Ɗankaza, mai lamba, wato mai yi wa mutane rigakafinta, ya zo ƙauyenmu. Kafin ya tsaga damtsen kowa, sai ya sa a naɗe hannun riga, ya duba wuya da bayan gwiwa. Ni ya yi mini. Hajara kuwa ya mayar da ita, ya ce a jikin mai kirci lambar kan bazu ta zama ciwo mai kisa. Ya ƙara da cewa kada ni da ita mu sake kwana a tabarma ɗaya sai ɓawon tawa lambar ya faɗi.

Baba bai yarda ba, don ya taɓa ganin abin da agana ke yi. Ya ce ranar Juma'a zai sa mata riga mai dogon hannu ya kai ta kasuwar Wudil a yi mata lambar, a ganinsa cikin cunkoso ba mai tsayawa dubawa.

Da daren nan yana zaune bakin ƙofa yana gyaran ƙotar fartanya. Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Matso, mijina marar baki. Tatsuniyar yau gajeriya ce."

Wai an yi wani gari da wutar daji ke ci duk rani. Sai mutanen suka gano dabara: a ƙone ɗan fili kewaye da kowane gida, in babbar wuta ta zo ta rasa abin ci. Akwai wani mutum da jinkan ɗakinsa ya zazzago har ƙasa. Masu ƙunar suka duba, suka ce nasa ba za su kusance shi ba. Ya ji haushi, ya rufe ciyawar jinkan da zana, ya kira wasu masu ƙunar. Ƙaramar wutar ta bi ta ƙarƙashin zana, ta haye ɗakin.

"To, Kaka, ko da bai ɓoye ba, ai babbar za ta cinye shi," in ji Hajara.

"Ta ina za ta bi, sarkin sosa? Gidansa a tsakiya yake. Gabas an kewaye, yamma an kewaye."

Baba ya ajiye fartanyar, ya ɗauko tabarmar baƙi, ya shimfiɗa wa Hajara a ɗakin Kaka. Ranar Juma'a ya je Wudil ɗin, amma da ƙannensa biyu waɗanda suka ɓuya a rumbu ranar da mai lamba ya zo, aka yi musu lambar.

Hajara ta yi kwanaki ba ta yi mini magana, tana zaton ƙyamarta nake. Ni kuma kunya ta hana ni ba ta haƙuri.

Da na je makaranta na sami bayanin nan a littafi, cikin dogayen kalmomi, ban kuwa ga ya fi na Kaka ba. Hajara ta girma ba tabon lamba a damtsenta, ba kuma tabon agana a fuskarta. Nawa yana nan, ɗan zagaye a hannun hagu. In ina alwala na gan shi, sai in tuna ba nawa ne ni kaɗai ba, rabinsa nata ne.