Azumin da Ya Hana Ta Shiga Injin Hoto

Da aka gano ciwon daji a hantar matata, kowa ya shiga gaya mini iyakar abin da ɗan Adam zai iya. Abokan da muka yi koyarwa tare a Kafanchan suka ce hanta ba a taɓa ta. Wani tsohon ma'aikacin asibiti da muke zama benci ɗaya a majami'a ya ce babu mai iya kai magani ga ƙari shi kaɗai, sai dai a zuba wa jiki duka, mai ƙarfi ya tsira. Ni ma na yarda. Na daɗe ina zana wa 'yan makaranta zuciya da jijiyoyinta da alli, ban taɓa tsammanin za a ga na mai rai ba tare da an yanka shi ba.

Wata likita a Abuja ce ta warware mini wannan. Ta ce ƙari ma yana ci, kuma yana da jijiyoyin jini da suke ciyar da shi. Yanzu ana zuba wani ruwa cikin jini, inji ya ɗauki hoton jijiyoyin nan har ƙananansu, daga baya a zura siririn bututu a kai magani bakin ƙarin, a toshe masa hanyar abinci.

"Baba, sharaɗi ɗaya ne," in ji ta. "Ƙoda ce take fitar da ruwan hoton. Mama ta riƙa shan ruwa sosai kafin ranar."

Na ce mata, "'Yata, ni na koyar da kiwon lafiya tun ba a haife ki ba."

Ta yi dariya, ta ba mu rana.

Matata ta shugabanci zumuntar mata a ikilisiyarmu shekaru masu yawa, kuma al'adarsu ce in babban abu ya tunkaro ɗayarsu, su yi azumin kwana uku, ba ci ba sha, wadda ake yi dominta tana tsakiyarsu. Ita ta kafa wannan da bakinta. Sabuwar shugabarsu, wadda ɗalibata ce a dā, ta zo gida ta durƙusa.

"Baba Hedimasta, za mu ɗauki Mama da azumi kwana uku kafin ranar asibiti."

Na ce, "Likita ta ce ta sha ruwa."

Matata ta ɗago daga kujera. "Malam, matan da na hana ruwa saboda 'ya'yan wasu, yau in zauna gabansu da kofi a hannu? Da wane ido?"

Na yi shiru. Ni dattijon ikilisiya ne, na ji nauyin a ce a gidana ne aka fara karya azumi. Na gaya wa kaina kwana uku ba kome ba ne. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Washegarin buɗe-baki muka kama hanyar Abuja ta garin Kwoi, ana ta shanya citta a bakin titi, ita tana jingine da kafaɗata, leɓenta ya tsage. A asibiti aka ɗebi jininta. Da sakamako ya fito, likitar ta dube ni, ba ta dubi matata ba.

"Baba, me ya sami ƙodar Mama?"

Na faɗa mata gaskiya, a tsaye, hulata a hannu.

"In na zuba mata ruwan hoton nan yau, ƙodar na iya tsayawa. Ba zan yi ba."

Ban taɓa roƙon wanda na girma ba, amma ranar na roƙa. Na ce a yi rabi, na ce a jira zuwa yamma, na ce zan sa hannu a kowace takarda. Ta ce masu jiran injin suna da yawa, sai bayan makonni. Na tambaye ta ko ƙarin zai jira mu. Sai ta rubuta sabuwar rana ta miƙo mini.

Tun daga nan idon matata ya fara yin rawaya. Zoben aurenmu ya daina zama a yatsarta. Ina bin ta da kofi kamar mai bara, tana kurɓa kaɗan ta ce ya ishe ta.

Ranar Lahadi, lokacin sanarwa, shugabar zumunta ta tashi ta ce za su sake azumi, wannan karon kwana bakwai. Na miƙe ba tare da an ba ni izini ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce duk mai son azumi ya yi, ni zan yi nata tare da nawa, amma matata za ta sha ruwa a gabansu, kuma wadda ta ga laifi ta zo ta same ni. Na juya wajen sakatare na ce ya buɗe littafin sanarwa ya rubuta sabuwar ranar da likita ta ba mu, ya kuma karanta kowace Lahadi har ranar ta zo: Talata ta biyu ta watan Nuwamba, ƙarfe takwas na safe.