Babur mai ƙafa huɗu na Baffa

Shekarun baya, lokacin da ciwon gwiwa ya kwantar da mahaifina, rashin ganin shanunsa ya fi ciwon damun sa. Muna zaune a Gwallameji, garken kuma yana can bayan Tirwun, inda mota ke tsayawa a bakin rafi, sauran tafiyar sai a ƙafa. Baffa, haka muke kiran sa, ya yi damina guda bai taka wurin ba. Mutum mai raha ya koma shiru, abinci ma sai an lallaɓa shi.

Yayana ya sayo masa tsohon babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ke ratsa yashi da laka. Ranar da aka kawo shi lafiya lau yake aiki. Sai dai likita ya ce Baffa ya ƙara hutawa, don haka aka tura babur ɗin cikin rumfa ya yi makonni a ajiye. Da lokacin tafiya ya yi, sai ya ɓullo da wani hali. Zai tashi da buga ɗaya, ya yi ƙara mai daɗi, kafin a kai bakin titi ya fara tari, ya mutu. In an bar shi ya huta, ya sake tashi, ya sake mutuwa.

Abokin yayana, bakanike a Wunti, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya canja fulogi, ya wanke kafireta, ya zubar da tsohon mai ya zuba sabo. Duk da haka abin bai canja ba. Ranar da aka yi gwaji na ƙarshe Baffa har ya sa rawani ya fito ƙofar gida da sandarsa. Da ya ga an turo babur ɗin an dawo, sai ya ce, "Ku bar shi haka nan. In Allah bai nufa in sake ganin su ba, na haƙura."

Wannan magana ta tsaya mini a rai.

Ni kuwa, ku sani, macen da ko ƙwan fitila ya mutu sai ta kira wani ce. Amma washegari da safe na bi yayana rumfa na tsaya a kansa. Ya tayar, injin ya mutu kamar kullum. Cikin gajiya ya ce, "Duba mini ko mai ya yi ƙasa." Ina murɗa murfin tanki sai na ji "shuuu", kamar mutum ya ja numfashi bayan an sake masa hanci. Mai kuwa a cike yake.

"Yaya, sake tayarwa, kada a rufe murfin."

"Ke kuma me kika sani a nan?"

"Don Allah dai gwada."

Ya tayar. Muka tsaya muna jiran tarin nan, bai zo ba. Injin ya yi ta aiki har muka gaji da tsayuwa. Na mayar da murfin na ɗaure, ba a jima ba ya mutu. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne gwangwanin madara. In ka huda shi wuri ɗaya, madarar ba ta fita sosai, sai ka ƙara huji na biyu iska ta shiga. Na ce wa yayana, "Tankin nan ba ya samun iska, shi ya sa mai ba ya sauka."

A saman murfin akwai wani siririn tiyo da ba wanda ya kula da shi. Na cire, na hura, a toshe yake gam. Na zura tsinken tsintsiya, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Ashe zanzaro ne ya yi gininsa a ciki lokacin da babur ɗin ke ajiye. Yayana ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Da muka faɗa wa abokinsa a waya, ya ce, "Wallahi Anti, yau na ƙaru."

Da hantsi suka tafi, Baffa a baya ya riƙe yayana gam. An ce da suka isa, yana daga kan babur ya yi kira ɗaya, wata tsohuwar saniya ta bar kiwo ta nufo shi. Duk makiyayin da ya zo gaisuwa sai Baffa ya ce masa, "'Yata ce ta gyara shi."

Da yamma ya dawo fuskarsa a sake, ya ci tuwo har da ƙari. Sannan ya kira ni ya ce, "Akwai wata karsana ja, daga yau taki ce."

Har gobe ban iya gyaran inji ba, kuma ba na da'awar na iya. Abin da na koya shi ne in saurara da kyau kafin in ce abu ya fi ƙarfina. Baffa ya rasu, Allah ya jiƙan sa, amma ya ga shanunsa sau da yawa kafin nan. Karsanar nan kuwa ta haihu, 'ya'yanta ma sun haihu, suna can bayan Tirwun. Duk wanda ya tambaye ni yadda na mallaki shanu, nakan gyara zama in ba shi labari.