Likkafanin Kakata Ya Tafi da Wata

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, akwai wata la'asar a Tsibiri da ba za ta goge daga zuciyata ba. Ita ce ranar da na durƙusa gaban kakata da ƙullin farin yadi a hannuna, ita tana jiran ajali, ni kuma ina jiran asirina ya tonu.

Kakata, wadda ta haifi babana, ta daɗe a duniya har ta daina lissafin shekarunta. In ka tambaye ta sai ta ce ka je ka tambayi tsamiyar ƙofar gida. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take kirana, ni kuwa ba ni da aiki sai tsokanarta, in ce tsohuwa ta ƙi tafiya ta bar mana wuri. Mace ce mai ibada, buzun sallarta har ya yi sanƙo daidai wurin goshi da gwiwoyi. Ba ta taɓa zuwa Makka ba. Kakanmu ne ya je shi kaɗai, ya dawo da dogon farin yadi da ya wanke da ruwan zamzam, ya ce likkafaninsu ne su biyu. Da ya rasu aka yaga rabi aka yi masa sutura, ita ta naɗe sauran ta ajiye. Sama da shekara talatin ta yi a ɗakinta ba ta sake aure ba, kuma duk bayan damina sai ta fito da yadin nan ta shanya ya sha iska.

Da yana ta rufe mata idanu, gara kuma ta fara cin ɗakin, sai ta kira ni ta damƙa mini ƙullin. Ta ce in tafi da shi gidana a Maraɗi tunda ɗakina na siminti ne, ranar da ta aiko in kawo da hannuna. Duk jikokinta ni ta zaɓa, har ina yi wa sauran yanga.

A kartiyenmu, wato unguwarmu, akwai wata baiwar Allah da ke haya a gidan da ke jikin namu. Kullum da sassafe takan tafi Jiratawa ta saro zogale a gonakin rani, ta dafa ta sayar a bakin hanya. Baƙuwa ce, ba ta da kowa kusa, mijinta kuma ya tafi ci-rani. Ranar wata Babbar Salla da hantsi, ana tsakiyar yanka, rai ya yi halinsa wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Kasuwa a rufe, an aika gidajen masu yadi biyu ba a same su ba, ga zafi. Tsohuwar da ta yi mata wanka ta leƙo ta tambayi likkafani, mata cike da tsakar gida amma babu mai shi. Ban yi shawara da kowa ba, na shiga ɗaki na buɗe akwati, na ɗauko na kakata na miƙa mata. A raina cewa na yi fari ai fari ne, kasuwa na buɗewa zan sayo wani.

Na sayo ɗin kuwa. Na wanke shi har sau uku don taurin sabunta ya fita, na zuba masa kanumfari kamar yadda kakata take yi, na mayar cikin tsohon zanen da ta ƙulle nata. Har ina yaba wa kaina wayo. Daga nan duk sanda na je Tsibiri, bayan gaisuwa sai ta ce, "Takwara, ajiyata tana nan?" In ce tana nan lafiya lau. Shekara biyu ina ba ta wannan amsa, kuma kowane zuwa bakina ƙara nauyi yake yi.

Wata Talata bayan azahar babana ya kira ni a waya. Ya ce jikin tsohuwa ya yi tsanani, kwana uku ko kunu ba ya wucewa, kuma ta ce in zo da ajiyarta yanzu. Na ɗauko ƙullin na tari kabu-kabu, muka kama hanyar Tsibiri hadari na haɗuwa ta gabas. Tafiyar da na saba gani kamar ƙiftawar ido ranar ta ƙi ƙarewa. Zuciya ɗaya ta ce in yi shiru, makauniya ce, me za ta gani? Ɗayar ta ce wato haka zan bar ta ta tafi kabari da ƙaryata a jikinta. Kunya ce ta fi ƙarfina, ba zan ɓoye ba, har muka isa ina kan shawarar yin shiru.

Na tarar da ɗakin cike da gwaggonnina, wata na yi mata fifita, wata na karanta Yasin ƙasa-ƙasa. Ta rame har ta koma kamar yarinya a kan gadon. Da ta ji muryata sai ta miƙo hannu, ba gaisuwa take so ba, ƙullin take nema. Na ɗora mata a ƙirji. Ta kwance shi da kanta, a hankali, ta shinshina, ta gyaɗa kai. Na fara sakin numfashi. Sai na ga yatsunta sun bar tsakiyar yadin sun nufi baki, suna bin sa kaɗan-kaɗan daga wannan kusurwa zuwa waccan.

A lokacin na tuna abin da wayona ya manta. Nata da hannu aka yaga shi ranar jana'izar kakanmu, bakinsa a karkace yake, zare duk ya fito. Wannan bakin ne take shafawa duk shekara, don nan ne nata ya rabu da nasa. Wanda na kawo kuwa almakashin ɗan kasuwa ne ya yanka shi, santal.

Ta kai ƙarshe, ta sake dawowa. Sannan ta ce kowa ya fita ya bar ta da takwararta. Suka fita suna kallona. Tsoro nake kada baƙin cikin ya ƙarasa ta a gabana, in zama ni ce sanadi.

"Wanga ba nawa ba ne," in ji ta. "Wa ta riga ni shiga nawa?"

Na fashe da kuka na faɗa mata komai, tun daga ranar Sallar har wankin da na yi wa sabon yadin. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai na ga hawaye na gangarowa ta gefen idonta yana shiga kunne. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar. Na riƙe ƙafarta ina cewa ta yafe mini, na raba ta da rabon da mijinta ya bar mata. Ta tambaye ni sunan matar, na faɗa. Ta maimaita shi sau biyu kamar mai hadda.

"Ashe ajiyatta nike yi shekara talatin ban sani ba," ta ce. "Yadi bai kai kowa aljanna, takwara. Da nike wurin, da hannuna zan ba ta."

Na ɗago ina murna a raina, na zaci an gama. Sai ta lalubo kunnena ta riƙe, kamar yadda take yi mini ina ƙarama.

"Amma kin cuce ta. Mace ta kwanta cikin rabin na malam kakanku, ta zama tamu, ba ta da uwa kusa ba ta da uba, kika hana ni sani. Shekara biyu da ina sa ta cikin addu'a kowace salla. Wa za shi biya ta wanga?"



Ikon Allah, ba ta rasu a wannan ciwon ba. Washegari ta nemi kunu, bayan mako ta zauna. Ni ina cewa bashin addu'ar nan ne ya tashe ta. Ta ƙara shekara uku a duniya, kuma duk wanda ya zauna kusa da buzunta zai ji bayan sunan kakanmu sai na mai zogale, kafin ma ta zo kan ƴaƴanta. Da lokacinta ya yi, a yadin nan na kasuwa aka sa ta, don ta hana a canza shi.

Abin da na koya shi ne, sau da yawa ba kuskuren da muka yi ne ke cutarwa ba, rufe shi ne. Na yi tsammanin shirun nawa tsohuwa yake karewa, ashe kaina nake karewa, marainiyar Allah kuma na tauye mata addu'ar shekara biyu. Yanzu da kakata ba ta nan, ni na gaji sunayen, kuma bayan kowace salla sunaye uku nake kira, har da nata.