Kashi Na Biyun Da Lawali Bai Gani Ba

Shekara biyar ke nan da muka kai yayana Lawali makwancinsa a nan Greensboro ta Amurka, kuma yau zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa: muryarsa ta fara ɓace mini. Fuskarsa tana nan, akwai hotuna. Amma idan na rufe ido ina son in ji shi yana magana, sai in ji tawa muryar. Abin yana cin raina ƙwarai.

Wanda bai san Lawali ba zai ce ai murya ce kawai. Mu da muka zauna da shi a gidajen hayan bayan titin Wendover mun san ba haka ba ne. A siton da muke lodin kaya akwai wani dattijo ɗan Koriya da ya ara masa kaset ɗin bidiyo na wani fim ɗin ƙasarsu, na faɗa da barkwanci. Babu rubutun Turanci a ƙasa, Lawali kuwa ko gaisuwa bai iya da yarensu ba. Bai damu ba. Ya yi abin da masu fassara ke yi a gidajen kallo na Maraɗi: ya rage ƙarar talabijin, ya zauna a gefe, ya zama bakin duk wanda ya fito.

Labarin ba wani mai tsawo ba ne. Wani ƙaton ɗan daba ne ya gudu ƙauye, ya ɓuya a gidan wata tsohuwa mai kiwon kaji, ashe duk girman nan nasa zakara yake tsoro. Lawali ya raɗa masa Ɗan Tsako, tsohuwar kuma ta zama Inna Mai Ludayi, don da ludayi take ladabtar da shi. Duk Lahadi bayan la'asar falon ya cika, 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi, wasu ko rigar aiki ba su tuɓe ba. Mun kalli kaset ɗin nan har hotonsa ya fara rawa, kuma ban tuna ranar da ya maimaita mana magana ɗaya sak ba.

Watan jiya matarsa, Anti Rabi, ta kira ni ta ce ta samo kashi na biyu a faifan DVD, a zo a kalla bayan addu'ar cikar shekara biyar. Na tafi da rawar jiki. A raina na ce da zarar na ga Ɗan Tsako, muryar Lawali za ta dawo mini.

Kaico! Ban taɓa ganin an wulaƙanta labari irin haka ba. Ɗan wasan dai shi ne, amma an rame da shi, an rina masa gashi, an cusa shi cikin kwat. Ƙauyen babu. Inna Mai Ludayi, wadda ita ce gishirin fim ɗin farko, hotonta kawai aka nuna a bango, kafin ka ƙifta ido an wuce. Zakaran ma na kwamfuta aka yi, har da baƙin tabarau. Wane ne ya zauna ya ce wannan abin dariya ne? Sauran kuwa motoci ne ke fashewa ba dalili, sai tusa, sai wando ya zame, sai 'yan mata da rabin sutura, har dattijonmu Alhaji Musa ɗan Kumasi ya koma kallon kafet.

A na farko, idan aka yi faɗa kana ganin wanda ya kai duka da wanda ya sha, ƙaton ya gaji, ya dafa gwiwa yana haki kamar kowa. A wannan, kyamara ce ke ta tsalle, ba ka sanin ƙafar wa ta sami haƙarƙarin wa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu shiru ko na minti ɗaya. Na farkon yana da wuraren da ƙaton da tsohuwar za su zauna suna cin abinci, ba mai cewa uffan, ita tana harararsa, shi yana satar kallon ƙofa. A irin wuraren nan Lawali yake zuba gwanintarsa. Masu kashi na biyu sun toshe ko'ina da ihu da kiɗa, sai ka ce tsoro suke yi kada mai kallo ya sami sararin yin tunani.

Me Lawali zai ce da yana nan? Na san shi da ƙoƙarin rufa wa fim asiri, ko mai rauni ne yakan lallaɓa shi ya kai shi ƙarshe. Amma wannan ina jin da minti goma zai miƙe ya ce a ɗora shayi. Ni da aka ce in gwada fassarar, na rage ƙara, na buɗe baki, na rasa inda zan saka kalma ɗaya. Jama'a duk sun duƙufa karanta Turancin da ke gudu a ƙasa, masu saurin karatu su yi ɗan murmushi, sauran su bi su da ido.

"Sanusi, bari kawai," in ji Alhaji Musa. "Fim ɗin nan ba shi da kai koraa, ko kaɗan."

Na ajiye rimot, kunya da haushi suka haɗu mini. Muryar da na zo nema ban ji ko alamarta ba.

Sai Anti Rabi ta ce ai faifai biyu ne a kwalin, har da na farko, in saka. Gabana ya faɗi, domin shi ma yanzu da rubutu yake. Na saka. Aka zo inda tsohuwar ta fara tare ƙaton a bakin ƙofa, wurin da Lawali kan sa ta tambaye shi asalinsa har kaka na bakwai. Rubutun ya nuna abin da ta faɗa na gaskiya: wai ana sanyi yau, ya shigo. Shi ke nan.

"Sanusi, kashe rubutun nan," in ji Anti Rabi daga ƙofar kicin. "Ka rage volim ɗin kuma, kai ma ba ka da sans, ba ka da lura."

Na yi yadda ta ce. Ta gyara tsayuwa, ta yi ɗan tarin nan da Lawali yake yi kafin ya saki magana, ta ja harshe irin na Maraɗi, ta shiga zazzaga wa ƙaton tambayoyi. Lawali ne sak, har inda yake tsayawa ya bar mu mu gama dariya. Falon ya kece, Alhaji Musa yana dariya yana share ido da hularsa. Ni kam ban iya dariyar ba, kuka na yi, ban kuma ɓoye ba.

Na daɗe ina ɗaukar cewa abin da Lawali ya bar mana baiwa ce ta nan take, wadda ta bi shi kabari. Ashe aiki ne da yake zama ya yi saboda mu, mutanen da suka gaji da lodi da kewar gida, kuma akwai wadda ta riƙe shi kaf. Masu kashi na biyu da duk motocin da suka ƙona ba su damu da mai kallo kwatankwacin haka ba. Da jama'a suka watse na tambaye ta yaushe ta haddace, tunda ban taɓa ganin ta zauna kallo da mu ba.

"A kaina yake gwadawa kafin ku zo," ta ce, tana tattara kofuna. "In ban yi dariya ba, ba ya kawo muku."