Shirun da Na So In Yanke

Shekarun baya, bayan na ajiye aikin koyarwa, ɗiyata da ta koyi aikin silima a Yamai ta iso Dakoro da kamara. Ta ce tana so ta ɗauki yayata, wadda ke zaune a wani ƙauye kusa da Kornaka, tana ba da tarihin gidanmu tun tana da sauran ƙarfi. Na amince bisa sharaɗi ɗaya: ba za a nuna wa dangi ba sai na duba. Ni a makarantar mishan na tashi, inda tsayawa a tsakiyar jimla laifi ne mai hukunci. Shekara talatin ina yi wa yara dikte, wato shifta, da jan bik na gyaran rubutu a hannu, kuma ban ga dalilin da zai sa in sassauta wa kamara ba.

Da ta gama haɗawa, muka zauna a zaure da hantsi, ita da na'urarta, ni da takarda. Na rubuta kurakurai tara. Na taran shi ne mafi girma. An ce wa yayata ta lissafa ƴaƴanta, sai ta yi shiru na daƙiƙa goma sha huɗu, na ƙirga da agogona, sannan ta fara daga na biyu.

"A yanke wannan," na ce. "Babu magana a ciki. Dangi za su ce tsufa ya taɓa mata hankali."

"Baba, Gwaggo ba ta manta kowa ba."

"Na san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ke za ki koya mini ba. To, ta tsallake shi kai tsaye mana, maimakon ta bar mu muna kallon bango."

Ta yi dariya. "Mushe, kamar yadda ɗalibanka ke kiranka, ba ni izini in yi maka darasi ɗaya. In ka faɗi, babu bulala."

Ta fara nuna mini wurin ba tare da sauti ba. Na ga tsohuwa tana kallon gefe, na ce gajiya ce. Ta mayar da sauti, ta ƙara ƙarfinsa. Sai na ji daka daga gidan maƙwabta, na ji yayata ta ja numfashi ta riƙe, taɓarya ta sauka sau shida kafin ta sake shi. Abin ya ba ni mamaki, domin fuskar ba ta canja ba, amma gajiyar da na gani ta ɓace. Na matso da kujera.

A karo na uku ta ƙara girman hoton har fuskar ta cika gilashin. Leɓɓan yayata suna motsi kaɗan, ba murya. Ban buƙaci a fassara mini ba. Sunan yaron ne, ɗanta na fari, wanda ƙyanda ta ɗauke yana ɗan shekara uku, lokacin ina makaranta a Maradi. Da na zo hutu a wancan karon ta dama mini fura, ta tambaye ni karatu, ba ta tayar da zancen yaron ba. Ni kuma na yanke hukunci cewa abin ya wuce mata, na zauna a kan wannan hukunci fiye da shekara hamsin.

Na ɗauki jan bik na soke kuskure na tara. Ɗiyata ta leƙo ta ce, "Sauran takwas ɗin fa?" Na ce waɗannan suna nan daram.

Yayata ta rasu bayan damina biyu. Har yau ina mamakin yadda kunne ke gaya wa ido abin da zai gani, da yadda kamara ta ji a daƙiƙa goma sha huɗu abin da ƙanenta bai ji ba tsawon rayuwa. Nakan sa a kunna mini wurin, in bi leɓɓanta da ido. Ban taɓa furta sunan a fili ba. Ita ba ta faɗa ba, kuma ba ni zan gyara mata ba.