Dalmar da na mayar tsakiya

Shekara talatin ina gyaran ƙananan jiragen ruwa a wata warsha, wato shagon gyara, a unguwar Khumra ta Jidda, ban taɓa sallamar jirgi a karkace ba. Wannan taƙamar ce ta kusa ja wa 'yar ƙanwata asarar shekararta ta ƙarshe a jami'a.

Injiniya take karanta. Haihuwar Jidda ce, tana jin Hausa sarai, amma in ta buɗe baki rabi Larabci ne. Ta kawo mini zane, wai in ƙera mata samfurin kumbon da 'yan sama jannati ke dawowa a ciki su faɗa teku, ƙarami kamar tukunyar biki. Za ta sako shi daga sama cikin ruwa, wata na'ura a cikinsa ta auna ƙarfin dukan. Na'urar ta aro ce, kwana uku aka ba ta, in babu sakamako kuwa babu kammala karatu.

Na ƙera shi da faiba, irin wadda nake gyaran jirage da ita, ya fito sumul. Sai dai a zanen ta sa dalmar nauyi a gefe guda. Na ce a raina yarinya dai yarinya ce, na mayar da dalmar tsakiya, na yi gum da bakina.

Muka tafi unguwar Abhur, gidan da mahaifinta ke aikin direba, inda maigidan ya ba mu aron kwamin wankansa bayan la'asar. Muka rataye kumbon a jikin wani dogon ƙarfe da na haɗa. Ta ce yalla, na saki igiya. Ya faɗo a kan cikinsa, ruwan ya yi ƙara kamar an mare shi da faranti, gindin kumbon ya tsage. Ta dubi kwamfuta, ta shiga buɗe littafinta tana neman inda ta yi kuskure. Wallahi kunya ta kama ni. Na faɗa mata abin da na yi.

Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce da gangan ake karkata shi don gefensa ya fara shiga ya yanka ruwan, in ya faɗo a shimfiɗe ruwa daɓe ne.

"Kawu, da akwai mutane a ciki, ka karya musu baya."

Daren nan da washegari ina ɗinke tsagar, dalma ta koma inda aka ce. Ran na uku, kafin in saki igiya, ta nuna mini wani layi a kwamfuta, ta ce lissafinta ne, haka ruwan zai doke shi. Na saki. Kumbon ya shiga ta gefe, sulum, ya nutse kaɗan, ya taso yana lilo. Sabon layi ya fito ya bi nata, duk inda ya hau ya hau, inda ya sauka ya sauka.

Subhanallahi kawai nake maimaitawa. Mutane su fito daga inda babu iska, su ratso wuta, su miƙa ransu ga ɗan karkacen nan, ga kuma yarinyar da na yi wa huɗuba a kunne ta san abin da ruwa zai yi tun bai yi ba.

Ta ce mu ƙara tsawo mu sake. Na tambaye ta daidai ina take so in ɗaura igiyar, na tsaya ina jiran umarni.