Ba Ajimi da Motar Ƙarƙashin Tamfol

Ina da wani ɗan hali da ban cika son a faɗa ba: duk abin da na gani a rufe, kafin in kai gida na gama yanke masa hukunci. Tukunya ce, ɗaki ne, bakin mutum ne, duk ɗaya. To mai irin wannan hali ne yau zai jinjina wa Ba Ajimi, mutumin da ya fi kowa iya rufe abu a garin Diffa. Bana zai miƙa wa ɗansa mabuɗi don ido ya fara gajiya, shi ya sa na ce bari in yi maganar tun yana ji.

Wanda bai san shi ba, shi ne mai filin matattun motoci da ke kan hanyar kogi. Idan ya sallame asuba yakan buɗe ƙofar langa-langa, ya tsaya daga baki, ya karanta ƙasa. Kullum kafin ya tashi da yamma sai ya share rairayin filin, yana ja da baya har ƙofa, yadda ko kyanwa ce ta ratsa, da safe zai san ta ina ta shiga da motar da ta leƙa. Sai ya gama wannan karatu sannan ya amsa gaisuwa.

Cinikinsa ma haka yake. Ranar da na je neman kafireto, ko wurin zama bai nuna mini ba.

"Ina tsohon?"

"Yana jikin motar, Ba Ajimi."

"Ina motar?"

"Tana gida."

"In ta tashi, ina za ta?"

Na ce kasuwa, sai gidan surukai. Ya dube ni kamar na ce masa tsibiran tafki, maɓoyar mutanen daji. Mutumin nan fa ni na koyar da 'ya'yansa a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa yake ce mini Mushe, yadda ake kiran malaman boko a nan.

"Mushe, kawo mataccen in gani, sannan mu yi magana."

Wannan doka ya kafa ta tun da rikici ya shigo mana. Batir, waya, buji wato fulogi, ba abin da ke fita sai ya ga wanda ya mutu, ya kuma san injin da za a sa wa. Ya ce ba ya son abin da ya fita daga hannunsa ya dawo wa gari a kan babur ɗin mutanen daji. Ya Falmata, mai noman tattasai a bakin Komadugu, shaida ce. Injinta na ban-ruwa ya tsaya dashe yana kan ƙishi, ta zo da kuka. Ya ƙi ba ta komai. Sai ya ɗauki jakar kayan aiki ya bi ta a ƙafa har gonar, don ya ga injin da idonsa. Da ya gani, bai bar wurin ba sai da ruwa ya gudu a cikin fangali, da kayan da ya ciro daga baburan da aka hana hawa. Har yau tana cewa Allah ya saka masa, amma mugun mutum ne.

A can ƙuryar filin kuwa akwai wani abu dogo, gajeren tsayi, lulluɓe da tamfol, ɗaure da igiya. Ran nan idona ya tafi can.

"Mushe, idonka ya ɓata hanya," in ji shi. "Ƙofa tana bayanka."

Labarin abin nan shi ne. A farkon 2015, cikin mutanen da ke ta tsallakowa daga wajen Damasak, akwai wani tsohon malamin dabbobi, Baba Zakariya'u. Wasu da tabarma suka zo, wasu da akuya. Shi da mota ya zo, shanu biyu suna jan ta. 'Yar ƙaramar motar Ingila ce ta zamanin da, mazauni biyu, ba rufi, sitiyari a dama, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Wani Bature ne ya sayar masa lokacin da zai koma gida. Baba Zakariya'u ya tsaya gaban Ba Ajimi ya ce, "Amana ce. Kada a taɓa, kada a buɗe, ko noti ɗaya kada ya fita." Daga nan aka wuce da shi sansanin Sayam Forage, inda har yau ake kiransa Baba Mai Mota. Duk wanda ya zauna da shi sai ya ji cewa ranar da hanya ta buɗe, shi ba a bayan babbar mota zai koma gida ba.

Gari fa ya ɗauka. A teburin shayin Grema, maƙwabcin filin, inda nake da kujera ta dindindin, mun ce bindigogi ne. Wata rana muka ce esansi ne, wato fetur, wata rana takin zamani da aka hana. Magana ta yi yawa har jami'an tsaro suka zo. Suka ɗaga tamfol, babbansu ya buɗe murfin inji ya leƙa, ya dubi Ba Ajimi, Ba Ajimi ya dube shi. Ya mayar ya rufe, suka tafi. Mu da ke leƙe ta ramin langa-langa muka gane nan take: yana da layar rufe ido.

Sai wani ɗan kasuwa ya zo daga Yamai da hoton irin motar a wayarsa, wai akwai Turawan da ke neman kayanta ido rufe. Fitilu kawai yake so da sitiyari. Lokacin an hana fataucin tattasai, motoci sun kwanta, gidan Ba Ajimi dawar taimako ake ci. Ya bar mutumin ya gama zuba, sannan ya ce, "Wa ya gaya maka tana nan?" Har ƙofa ya raka shi, ya dawo ya share sawunsa.

Ambaliya ce ta ɓata lamarin. Da ruwa ya nufo filin, ya bar kayansa na sayarwa suna nutsewa, ya kira maƙwabta a ɗora motar kan tayoyi. Grema ne ya kama gaba. Da suka ajiye ya karkaɗe hannu ya ce, "Kai jama'a, yaushe na yi ƙarfi haka? Gaban nan ai ko tukunyar shayina ta fi shi nauyi."

Kafin magariba kowa ya ji: Ajimi ya sayar da injin ɗan gudun hijira. Zargin bindiga bai hana kowa gaishe shi ba, amma wannan ya hana. A masallaci sahu ya riƙa yin faɗi a gefensa. Na sa ido in ga ko zai kare kansa. Ina, sai ya ci gaba da shararsa.

Labari ya kai Sayam, Baba Zakariya'u ya biyo motar kasuwa ya zo. Muka cika filin, muka tattake rairayin duka. Tsohon ya kwance igiya, ya shiga da ƙyar, ya riƙe sitiyari, ya daɗe yana kallon kujerar da ba kowa a gefensa.

"Komai yana nan yadda na bari," ya ce.

"Baba, a buɗe gaban mana, don zuciya ta kwanta," in ji Grema.

"Zuciyar wa? Motarka ce, ɗan nan?"

Muka watse ba mu ƙoshi ba. Bayan wasu watanni ni da halina na bi tsohon har sansanin. Ya ce, "Malam, injin nan ni na sayar wa mai niƙa a Damasak, shekarar da matata ta kwanta ciwo. Ajimi ya sani tun ranar da ya ga yadda shanu ke jan ta ba nishi. Bai taɓa tambayata ba. Na bar shi da kunyata ya ɗauka, ya isa haka. Je ka rubuta."

Ba Ajimi, kai ne ka tuhumi kowa a garin nan, har da ni, amma mutum ɗaya da ka kama da ƙarya dumu-dumu shi ka rufa wa asiri. Kai ne ka ga tsohon da ya rasa gida da gari, bai tsira da komai ba sai suna, ka ce to a ci naka sunan a bar masa nasa. Mai gadin gwangwani, mun gode. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya rufa maka yadda ka rufa. Mu kuma masu leƙen ramin langa-langa, in ba za mu iya riƙe amana kamarsa ba, mu gwada riƙe baki ko na yini guda.

Kafin in miƙa rubutun nan sai da na karanta shi a teburin Grema, don a wanke bawan Allah a inda aka ɓata shi. An saurara tsit, har da masu gyaɗa kai. Yanzu maganar da ake yi a wurin ita ce wai injin mu uku muka raba, ni da Ba Ajimi da tsohon.